Sunan da Bai Zauna da Mila Ba

Othaya, watan Maris

Zuwa ga ƙanwata Wangechi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta. Mu nan sai godiyar Ubangiji. Ruwa ya sauka, ganyen shayi ya yi kyau.

Bayan haka, kin riga kin ji cewa Waceke, matar ɗana Kihara, ta sauka lafiya a Nairobi, an sami mace. Sauran labarin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba magana ce da zan yi ta waya maƙwabta suna saurare ba.

Kin san ƙa'ida kamar yadda na san ta. 'Yar fari sunan uwar miji ake sa mata, ta biyu kuma sunan uwar mata. Sunan coci kowa ya zaɓi wanda ya ga dama, amma na tsakiya yana da mai shi tun kafin a ɗauki ciki. Haka na karɓi Nyaguthii daga kakarmu ta wajen uba, kika karɓi Wangechi daga ta wajen uwa. Kihara kuwa shi kaɗai Allah ya ba ni.

Na je da garin kunu da baƙin wake na mai jego, na yi guɗata tun daga bakin ƙofa. Na tarar sun sa wa jaririyar suna Mila. Ya yi mini kama da sunan sabulu, amma wannan huruminsu ne. Da na zauna na ce a miƙo mini takwarata, sai suka dubi juna.

Kihara ya ce, "Mama, na tsakiyar ba mu gama shawara ba tukuna. Muna neman wanda zai zauna da Mila."

Na ce, "Zama kuma? Haya za su kama tare?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke ma gwada faɗa ki ji. Mila Nyaguthii. Kamar an ɗaura amalanke a bayan sabuwar mota."

Na ce, "Ni ce amalanken ke nan."

Wangechi, abin ƙyamar bai tsaya nan ba. Sun tura wa abokansu sunaye a waya, kowa yana zaɓar wanda ya fi masa daɗi a baki. Mutanen da ba su san inda aka binne uban Kihara ba, su ake tambaya abin da za a kira jikarsa. Waceke ta yi ta jera sunayen tana lanƙwasa murya, kamar mai gwada takalma a kasuwa. Shayin da ta zuba mini ya huce a gabana, na kasa kai shi baki.

Ki gaishe da kowa. Ki sa ni a addu'a, kada bakina ya riga hankalina.

Yayarki,
Nyaguthii

Othaya, watan Afrilu

Ƙanwata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan kun wuni lafiya. Wasiƙarki ta iso, na kuma gode da lallashi, sai dai lamarin ya ƙara lalacewa.

Kihara ya kira ni cike da murna, wai sun sami mafita. Ya ce, "Mila Mumbi. Kin ji yadda suka bi juna? Ga shi na gargajiya ne, kuma sunan uwar Waceke ne. Kowa ya huta."

Na tambaye shi ko ya san wace yarinya ake ba sunan dangin uwa alhali tana 'yar fari. Ya ce bai sani ba. Mutum mai gemu, wanda ya yi jami'a, sai da na buɗe baki na gaya masa cewa yarinyar da ubanta bai karɓe ta ba ce, ko wadda ba a kai awakin sadakin uwarta ba. Ya ce, "Haba Mama, wa yake wannan tunanin yanzu?"

Lahadin da ta biyo baya na sami amsarsa. Muna fitowa daga coci, wata daga cikin matan zumunta ta riƙe mini hannu da fuskar tausayi ta ce, "Uwar Kihara, ashe auren nan ba a kammala shi ba? Da kin faɗa, ai da mun taimaka." Ke shaida ce, kina wurin ranar da marigayi mijina ya kora awakin nan da kansa har ƙofar gidan su Waceke. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Ana nan sai ga Mumbi da kanta, ta biyo motar haya tun daga Murang'a, da kwandon ayaba a baya. Ba ta ko zauna ba ta fara magana. Ta ce, "Surukata, na zo in wanke kaina. Ban roƙa ba, ban kuma sani ba sai da aka gama. Ni ba ɓarauniyar suna ba ce. Layina na biyu ne, zan jira shi ko da da sanda nake tafiya." A gabana ta kira 'yarta, ta ce a cire sunanta, in kuwa ba haka ba kada a sa ran ganinta ranar baftisma.

Na yanka mata kaza. Ban taɓa sanin matar nan tana da nauyi haka ba.

Yanzu dai hanya ta buɗe, ina sa ran za su dawo kan daidai. A gaishe da yara.

Taki,
Nyaguthii

Othaya, watan Mayu

Wangechi ƙanwata,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, ina fata jikin da sauƙi. Na san gwiwa ce ta hana ki zuwa, kuma ba ki yi asarar komai ba.

An yi baftisma. Sai da fasto ya ɗaga yarinyar sannan na ji sunan tare da sauran jama'a: Mila Rose. Wai tun da tsofaffi sun kasa daidaitawa, sun ɗauki wanda ba na kowa ba. Yaushe muka kasa daidaitawa? Abokansu suka yi ta tafi. A wurin walima an rubuta sunan da ruwan zinariya a jikin balan-balan da kek, har da takardun goge baki, mutane suna share maiƙo da shi suna yarwa a ƙasa. Ni da Mumbi muka zauna gefe guda, ba wadda ta taɓa farantinta.

Yarinyar kam ba ruwanta. Na ɗauke ta, ta kama yatsana ta riƙe, kuma goshin gidanmu ne da ita sak. Zan so ta iyakar raina, wannan ba abin tambaya ba ne.

Da taro ya watse Kihara ya rako ni bakin mota. Ya ga fuskata, sai ya sassauta murya ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. In Allah ya kawo wata macen, taki ce. Za mu fara da Nyaguthii, sannan mu nemo na farkon da zai zauna da shi. Na yi alkawari."

Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta motsa. Amma Mumbi tana tsaye a bayansa, tana gyara ɗankwali kamar ba ta ji ba.

Na ce, "Ta biyu tana da mai ita. Matar da ta ƙi cin rabona, ba zan ci nata ba. Tawa ita ce wadda kuka yi wa baftisma yau."

Ya ce, "To sunan naki fa?"

Na ce masa direba yana jira.

Saboda haka, ƙanwata, sunan kakarmu ya tsaya a kaina. Idan ranata ta zo, ki tsaya a kan mai sassaƙa dutsen kabari ya rubuta shi cikakke, kada wani ya gajarta shi don ya zauna da na kusa da shi.

Ki gaishe mini da maigidanki da yara duka. Allah ya ƙara miki lafiya.

Yayarki har kullum,
Nyaguthii