Zuwa Ga Angona Mai Sauraron Ƙanƙara

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Habibu jikana, angon da ya gudu ya bar ni a Roni.

Tunda waya ba ka ɗauka, na rubuto nan inda jama'a ke gani, su yi mana shari'a.

Ka ce za ka zo da bazara. Yanzu uwarka ta ce ka ɗaga, wai a duwatsun ƙasar da kake aiki rana ta fara zafi, dusar ƙanƙara ta jiƙe ta yi nauyi, lokacin da take zaftarowa ta binne hanya da mutane ke nan. Wai kullum da sassafe kai ke hawa, ka haƙa rami, ka duba ta hawa-hawa, ka soka sanda, har kunne kake kasawa ka ji ko ta yi nishi.

Nishi! Ni nawa na yi bana, wa ya kasa kunne? Abu fari fat, ba gishiri ba yaji, ko kunu bai taɓa dama maka ba, shi ke samun gaisuwarka ta safe.

Kuma wa ya koya maka? Ka tuna ramin ɗibar yumɓu na bayan gari, kana ɗan shekara shida? Ka sheƙa za ka hau gaɓa, na finciko ka ta wuyan riga. Na soka muciyata, sama ƙam, ƙasa luguf. Ba mu kai gida ba gaɓar ta rufta. Na ce maka, "Kar ka yarda da saman ƙasa sai ka tambayi cikinta." Yau da muciyata kake cin abinci, ana ce maka gwani, ni ko goro.

To ba zan ce ka sauko ba, mutanen gindin dutsen nan ma suna da kakanni. Amma ranar da sandarka ta shige da sauƙi, ka juya, kar ka yi taurin kan kakanka.

In ƙanƙarar ta gama narkewa, ka taho da sandar nan. Kullum ana gaya maka Inna garau take, bakinta bai mutu ba. Sama suke gani, Habibu. Kai ka san ciki ake tambaya.

Allah ya riƙe dutsen nan a ƙarƙashin ƙafarka, ya riƙe ni har ka iso. Amin.

Taka mai fushi, mai jira,
Inna Yalwa