Na Sa wa Wasiƙun Maigidana Almakashi

Tanti Mounira, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kwana goma sha biyu suka rage mini kafin maigidana ya dawo daga tafiya, kuma ban faɗa wa kowa abin nan ba, har yayata da ke La Courneuve, kusa da Paris, wadda ba na ɓoye mata komai.

Ni 'yar Maradi ce, ina zaune a Les Minguettes, nan Vénissieux kusa da Lyon, shekarata tara da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana mutumin Damagaram ne, yana aiki a wani babban sito. Ba ya shan taba, ba ya yawo, ko ƙwallo ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tsofaffin ambulan na wasiƙu, irin waɗanda jirgin ƙasa ya ɗauka tun zamanin kakannin kakanni. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin gidan waya ne, ina jin daga can abin ya samo asali. Wai a da akwai tarago na musamman da ma'aikata ke tsayawa a ciki suna rarraba wasiƙu jirgi na gudu, suna buga musu hatimi. Su yake bi kasuwa-kasuwa yana tsinta, shekara goma sha ɗaya ke nan, har sun kai sittin, yana jera su a akwatin katako a saman kabad.

Gaskiya ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Bara da babbar salla, gida cike da baƙi, ya ɗauko guda zai nuna wa abokinsa Kamal, sai bakina ya riga ni, na ce a zo a ga mutumin da garinsu ko layin dogo babu ya zama sarkin wasiƙun jirgin ƙasa. Kowa ya yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya mayar da ita akwati, kuma tun ranar bai sake buɗe shi a gabana ba. Na san mijina, Tanti, murmushin nan ba na daɗi ba ne.

Kwanan baya wata ƙungiyar masu tara irin waɗannan kaya a Paris ta gayyace shi ya baje nasa a taronsu na wata mai zuwa. Karo na farko ke nan. Sai bayan mako guda ya faɗa mini, yana ɗaure takalmi, kamar labarin ruwan sama. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don na san ni na jawo. Da ya tafi Damagaram gaida mahaifiyarsa, na ce to, bari in gyara masa kayansa tsaf, ya dawo ya ga ni ma ina tare da shi.

Ina yarinya yayana yana tara kan sarki, tambur muke ce masa. Yanke kusurwar ambulan ake yi, a jiƙa a ruwan ɗumi har kan sarkin ya saki takarda, a shanya, a jera a littafi. Ni ce mai shanya masa, saboda haka na ɗauki kaina gwana. Na sauko da akwatin, na zaɓi goma sha bakwai da suka fi tsufa da dauɗa, na sa almakashi. Wallahi har waƙa nake yi.

Washegari na shiga Lyon, wani shago da ake sayar da littafin jera kan sarki. Don alfahari na nuna wa tsohon mai shagon hoton aikina a waya. Ya cire tabarau, ya ƙura wa hoton ido. Daga baya ya yi mini bayani a hankali, kamar mai faɗa wa mutum rasuwa: ambulan ɗin gaba ɗaya ake tarawa, domin hatimin rabinsa a kan sarki yake, rabinsa a takarda, shi ke nuna jirgin da ya ɗauko wasiƙar da ranar da ya ɗauko ta. Kan sarkin shi kaɗai, ya nuna mini irinsa cike da kwali a bakin ƙofa.

Ban san yadda na iso gida ba. Na shiga ɗakin shara na ƙasan bene da kayan jikina masu kyau, na tona har na samo goma sha huɗu daga cikin yankakkun ambulan ɗin da na zubar. Uku sun riga sun tafi. Cikin waɗanda na yanka har da wadda ya fi ji da ita, wadda ta taso daga San Francisco, ta ratsa Amurka a jirgin ƙasa, ta haye teku, ta iso hannun wani mai sayar da siliki a nan Lyon. Shekara huɗu ya yi yana neman irinta.

Na yi kukana na gama. Ni ba mai naɗe hannu ba ce. Guntayen kusurwar suna nan na busar da su, na sayi gam mai kyau, ina gwadawa a ambulan ɗin takardar kuɗin wuta har hannuna ya fara faɗawa. Ranar Asabar zan bar yara wurin maƙwabciyata Raliatou, in hau jirgi zuwa Paris, kasuwar kan sarki da ke kusa da Champs-Élysées, ba zan dawo ba sai da uku masu kama da waɗanda suka ɓata. Faɗa masa kam ba zan yi ba, na riga na yanke. Ba faɗansa nake tsoro ba, bai iya faɗa ba. Tsorona ya ɗauka raini ne ya sa na yi, ya haɗa da maganar salla, ya rufe mini zuciyarsa gaba ɗaya. Ki faɗa mini, Tanti, akwai wata dabara da na manta?

'Yarki a Minguettes

*

'Yata, wa alaikumus salam. Kafin komai, ki ajiye gam ɗin nan. Yau, ba gobe ba.

Na yarda da ke cewa ƙauna ce ta sa ki ɗauki almakashi. Macen da ta raina abu ba ta shiga ɗakin shara da kayan fita don ta ceto shi. Amma dabararki ba za ta yi ba. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana neman ambulan guda ya san kowane tabo da ke jikinsa, kallo ɗaya zai yi ya gane. Idan kuma kika yi sa'a bai gane ba, to nan ne babbar masifar. Zai kwashi kayan ya kai Paris, ya jera su gaban mutanen da ke duba takarda da gilashin ƙara girma, su ga yanka, su ga gam, su ga uku da aka musanya. Ba sunanki za su kira ba. Shi za a ce ya kawo jabu, a taron farko da aka girmama shi, kuma bai san hawa ba bai san sauka ba. Ɓarnar farko kuskure ce. Wannan ta biyu da idonki buɗe za ki yi masa ita.

Laifinki biyu ne, ki riƙe su ba tare da kin ƙara ko kin rage ba: kin taɓa kayan mutum ba ki tambaya ba, kuma kin ba shi kunya gaban baƙi kika bar maganar ta shekara. Shi ma ba zan wanke shi tas ba. Da ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki abin da yake gani a takardun nan, da ba mu zo nan ba, kuma shiru na shekara guda a kan wasa ɗaya ya yi yawa. Sai dai wannan ba maganar da za ki fara da ita ba ce, ki bar ta sai ƙura ta lafa.

Ga abin yi. Kowane ambulan ki haɗa shi da kusurwarsa da kan sarkinsa a leda mai haske, daban-daban, kada ki goge, kada ki sa dutsen guga. Ko akwai mai gyaruwa, shi da masana za su sani, ba ni da ke ba. Ki fasa tafiyar Asabar. Kada ki faɗa masa ta waya yana gaban mahaifiyarsa. Ki bari ya dawo, ya ci abinci, ya huta, ki kai yara wurin Raliatou, amma kada a wuce kwana ɗaya, kada kuma ya riga ki buɗe akwatin. Ki fara da abin da kika yi, da adadinsa, har ukun da suka ɓata. Sannan dalili. Sannan ki nemi gafarar maganar salla da sunanta, domin ina zaton ita ta fi almakashin yi masa ciwo. Ki riƙe hawayenki gwargwadon iko, kada ya zama shi aka yi wa ɓarna kuma shi ke rarrashi.

Zai ji zafi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya magana. Ki ƙyale shi, haƙƙinsa ne. Yana da arba'in da uku lafiyayyu, kuma zuwa taron ko fasawa shawararsa ce, sai dai yana bukatar lokaci ya sake shiri, abin da ɓoyewarki za ta hana shi.

Kin ce tsoronki ya ɗauka kin raina shi. 'Yata, babu rainin da ya kai ki zauna kina kallonsa yana alfahari da abin da kika liƙa masa da gam. Ƙarfin halin da kika tara don zuwa Paris ki kaɗai, ki kashe shi a falonki, ki dubi mijinki ki faɗa masa gaskiya. Allah ya dawo da shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa, ya bar ku tare.

Tanti Mounira