Injin Iskar da Mus'ab Ya Kashe

Assalamu alaikum Yaya Sharifa,

Ya gida, ya jikin Inna? Mu nan unguwarmu ta Danau Kota a ƙasar waje alhamdulillahi, korona ba ta taɓa mu ba. Ramar da kika gani a hoto ta karatu ce, kada ki damu.

To, har da baƙin ciki. Da aka rufe jami'a na kwaso rotifa ɗina gida, ƙananan halittun ruwan nan da nake kiwo a bokiti ina ciyar da jariran kifin teku na bincikena. Ba sa rayuwa sai injin iska yana aiki. Ranar da na wuni a layin rigakafi, Mus'ab ɗan Gwaggo Hafsa, wanda kuka matsa min na sauke shi, ya zare wayar injin, wai ƙararsa tana hana shi baccin rana. Na dawo na tarar bokitan suna wari. Jariran kifin suka mutu da yunwa. Ko haƙuri bai ba ni ba, sai cewa ya yi, "Yaya, ruwan datti ne fa."

Wani mai shagon kifi a unguwar Sentul ya sam min sabon irin rotifa da wasu jariran kifi. Na ƙaro injuna, na jera bokitan a gefen katifar Mus'ab. Dokar kulle ta hana shi fita, jirgi kuma ba ya tashi balle ya gudo gida.

Idan Gwaggo ta zo da ƙorafi, ki gaishe ta da kyau, ki ce mata ɗanta zai yi bacci ranar da kifina suka girma.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Zahraddeen