Garin Da Ba Sai Ka Riƙe Sitiyari Ba

Zuwa ga mijina, muradin raina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyin da ke kashe mini ƙishi, Mai Zanena,

Sallama daga wadda kewarka ta cinye. Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa hadarin farko, ido a sama, zuciya na rawa kada iska ta kore shi. Yaya jikin? Kana shan maganin a kan lokaci, ko sai Umma ta tsaya a kanka? Na kira wayarka har na haddace muryar matar nan mai cewa a kashe take. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, na ba Anti ta kawo maka, don na san yayarka ba za ta fita daga ɗakin ba sai ta ga ka buɗe.

Saƙonka ya iso. Anti ta zo ta zauna a falo tana ta murza bakin mayafinta, ta kasa haɗa ido da ni, daga ƙarshe ta ce wai ka ce in karɓi canjin wurin aikin in tafi abina, kai za ka sauwaƙe mini, don kada in ƙare ƙuruciyata ina gadin mai farfaɗiya. Haba, farin watana! Da wane baki ka faɗa? Da bakin nan da ya ce mini ko tsufa ya kama mu kai za ka riƙa zura mini zare a allura? Wallahi da ta faɗa na ji kamar an cire wa gidan ginshiƙi. Wa ya ce maka gadi nake? Itace na gadin saiwarsa ne? Idan ka cire kanka daga gare ni don in huta, wane hutu ka bar mini, in ba irin na kifin da aka ajiye a kan yashi ba?

Na san abin da ke hana ka barci. Yammacin nan ne, da ka ɗauko ni daga wurin aiki, kana kwaikwayon muryar hedimastanku ina dariya, sai maganar ta tsinke a bakinka, hannunka ya sandare a kan sitiyari, motar ta hau gefen titi ta daki katangar shago. Ka farka ka ga jini a goshina, kuma tun ranar ba ka sake duban fuskata sosai ba. To bari in gaya maka, ɗinkin ya warke. Ɗan layi ne siriri, gashin gira ma ya kusa rufe shi. Ba a rasa rai ba, ko kazar mai shagon ba ta yi ɗingishi ba. Abin da bai warke ba shi ne abin da ya biyo baya: likita ya ce kai da tuƙi sai wani dogon lokaci, makarantun da kake zagayawa kana koyar da zane kowace tana wani ƙarshen gari, bas kuwa a garin nan sai mutum ya tsufa a bakin titi kafin ta zo. Ɗaya bayan ɗaya suka nemi wani malamin. Ka ce za ka je wurin Umma ka ɗan kwana biyu. Rabin raina, kwana biyun nan ba su ƙare ba har yau?

Ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? A bayan dandamalin tsohon zauren wasan kwaikwayo ne, na ɓata hanya ina neman ƙofar fita, na tarar da wani dogon mutum tsugune a kan ƙyalle mai faɗin ɗaki yana zana kogi. Kogin ya yi mini kyau har na manta kaina, na kai yatsa na taɓa, ashe fentin bai bushe ba. Ka ɗago ka ce, “Malama, kin ɗebi ruwa a kogina ba sallama.” Na koma gida da shuɗi a yatsa, na ƙi wankewa da sabulu. Yau zauren nan an mai da shi ma'ajiyar tayoyi. Tun kafin ciwon nan ya zo garin ya riga ya fara yi maka kaɗan, kai ma ka sha faɗa. Don haka kada ka ce komai na faruwa ne saboda lalurarka.

Yanzu ga inda aka tsaya. Ka san za a rufe ɗakinmu na gwajin jini na nan, an ba ni zaɓi tsakanin rassa biyu. Ban yarda in zaɓa a kan labarin mutane ba, na je na ga kowanne da idona, kuma duk inda na taka da idonka nake kallo.

Na fara da garin da wana, Yaya, yake. Tituna ne faɗa-faɗa kamar filin jirgi, gadoji na hawa kan gadoji, gidaje da dogayen katangu. Yaya ya yi mini karɓar arziki, Allah ya saka masa. Ya nuna mini ɗakunan bayan gidansa, ya ce namu ne, ya ce direbansa na nan. Da safe na ce bari in taka in sayo burodi. Ai kuwa na sha mamaki! Babu inda mai ƙafa zai bi. Motoci na wucewa kamar an harbo su, na maƙale a jikin katanga ina salati, na dawo hannu wofi. Da na yi wa Yaya maganarka, sai ya ce, “Ke dai kawo shi. Me zai fita nema? Ci da sha ba za su gagara ba, ya zauna ya huta.” Ya zauna! Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, amma kalmar ta soke ni kamar ƙaya. Na hango ka a bayan get, sanye da kayan fita, kana jiran direba ya dawo daga kai yara makaranta. Na hango ka kana cewa na gode sau ba adadi a yini, har godiyar ta zame maka ɗaci a baki. Tsuntsuna mai faɗin fiffike, ni da hannuna zan saka ka a keji don kejin na da fenti mai kyau?

Sai na tafi ɗaya garin, wanda ba mu da kowa a cikinsa. Ba zan yi maka ado ba: tsohon gari ne, a cushe, ga danshi, ɗakunan haya ƙanana har sai mun rabu da rabin kayanmu. Amma wayyo, da ma kana gefena! Jirgin ƙasa ƙarami ne ke ratsa tsakiyar titi, yana tafiya sumul kamar ruwa a kwata, kafin ka gaji da tsayuwa wani ya iso. Inda bai kai ba bas na kaiwa. Na shiga na zauna kusa da taga, na ƙi sauka. A wata tasha wani dattijo makaho ya shigo shi kaɗai da sandarsa, ba mai ja masa gora, ya zauna, murya ta faɗi sunan tasharsa ya miƙe ya sauka abinsa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, har matar da ke gefena ta miƙo mini hankici tana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Ga kuma abin da ranka ke so, sanyin idanuna. Akwai titi guda da babu komai a cikinsa sai shagunan littattafai, warin tsohuwar takarda har bakin hanya. Akwai gidan ajiye zane-zane da na shiga na rasa ta ina zan fara, ina ta juyawa in ce maka “duba wannan” sai in ga ba ka nan. Zaurukan wasan kwaikwayo kuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na yi ƙarfin hali na zagaya bayan wani, na bi warin fenti har na sami shugaban masu yin kayan dandamali, wani gajeren tsoho mai tabarau a goshi. Na nuna masa hotunan aikinka a wayata. Ya yi ta jan hotunan da yatsa, sannan ya ce, “Wannan hannun a ina yake ɓoye? Ki ce masa ya zo mu gaisa.” Bai yi alkawarin aiki ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban kuma faɗa masa lalurarka ba, wannan maganarka ce, kai ke da ikon faɗa. Na dai lura a ƙasa suke shimfiɗa ƙyallen su yi zane, wasu daban ke hawa tsani su rataye.

Kada ka ɗauka ba na jin tsoro. Ina ji, har cikin ƙashina. Da na je gaida Umma, ranar da aka ce mini ba ka son ganin kowa, na gaya mata abin da na gano. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, idan ya faɗi a titi a garin da ba a san shi ba, wa zai ce ɗan wane ne? Wa zai ɗaga masa kai?” Uwa ce, kuma gaskiyarta ne. Tambayar nan ta bi ni har gida, tana bina wurin aiki, har lokacin da nake riƙe da kwalbar jini. Idan abin ya zo maka a bakin tasha fa, ina can ina aiki? Idan a kan matakala ne?

Ga iyakar abin da na sani. Asibitin da ke da likitocin wannan ciwo yana kan layin jirgin da zai bi ta unguwar da na duba mana. Tun a can na tambayi wata ma'aikaciyar tasha abin da suke yi idan fasinja ya yanke jiki ya faɗi. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara, ta ce, “Sai mu tsayar da jirgin mana, mu kira masu agaji. Mutum ai ya fi jirgi.” Wannan bai isa ya kwantar wa Umma hankali ba, ni ma bai gama kwantar mini ba. Amma ka gaya mini, a ɗakin da kake yanzu, labule a sake, ƙofa a rufe, ka tsira ne? Anti ta ce ko fensir ba ka taɓawa. Ta ce ka rame har wuyan rigarka na yawo. Faɗuwar da ake tsoro a titi minti kaɗan ce, a tashi a kakkaɓe jiki. Wannan da kake yi a hankali, kullum kaɗan, wa zai ɗaga ka daga ita?

Yaya ya yi fushi da ni. Ya ce na zaɓi bare a kan dangi, ya ce son zane-zane da wasan kwaikwayo ba ya riƙe aure, ya kashe waya ban gama magana ba. Shugabanmu kuma ya kira ni ofis ya ce kafin makon nan ya fita yake son amsa, in ba haka ba akwai masu jiran gurbin. Na ce masa garin jirgin nake so, amma mu biyu ne, sai na ji daga bakin mijina. Ya cire tabarau ya ce, “To ki ji da wuri.” Ka ga inda nake tsaye, ruhina: gaba ruwa, baya ruwa, wanda zai riƙe mini hannu kuma ya juya mini baya.

Ba tausayinka nake ji ba, ka cire wannan daga ranka. Son kaina nake yi. Ina son mijin da zai fita da safe ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba, ya dawo da yamma da fenti a gwiwar wando, yana mita an cika jirgi an taka masa ƙafa. Ina son mu yi musu a hanya kan wasan da muka kallo, kai ka ce ya yi, ni in ce barci ya sa ni. Idan ciwon ya zo, ya same mu tare, in juya ka a gefe in zauna har ka buɗe ido ka ga fuskar da ka sani. Wannan ba nauyi ba ne a wurina. Nauyi shi ne kwanon abinci ɗaya da nake ɗaurayewa kullum.

Na yi maka alkawari, idan muka je ka ga garin bai karɓe ka ba, ni zan fara ɗaure kaya. Idan ka ce ba za ka iya nisa da Umma ba, zan bar musu gurbin duka biyun, in nemi wani abin yi a nan, ko da a ƙaramin kanti ne. Duk wannan zan iya. Abu ɗaya ne ba zan iya ba, shi ne in karɓi rabuwa ta bakin ɗan aike.

Gobe da hantsi zan zo. Zan gaida Umma, in zauna a tsakar gida inda za ka iya jin muryata. Ba zan ɗaga labulenka ba sai ka ce in shigo. Idan amsarka a'a ce, ka fito ka tsaya a gabana, ka dubi tsakiyar idona ka faɗa, in ga ko harshenka zai iya. Kuma don Allah, abin ƙaunata, kada ka sa Umma ta ce mini kana barci. Zan jira ka farka, ko da rana za ta faɗi a kaina.

Taka ce ni a lafiya, taka ce a ciwo, a wannan gari ko a wancan, har ranar da numfashi zai ƙare,

Matarka.