Lambar da Yaya Safiyanu Ya Haddace

Zuwa ga Yaya Rahina, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Shu'aibu da yara. Allah ya raya mana Haisam, ya sa haƙoran da ke damunsa su fito da sauƙi. Mu nan gida sai godiya. An gama yankan gero, rumbu bai cika ba amma bai ba mu kunya ba, wake ne kawai tsutsa ta ɓata. Baba yana fama da gwiwarsa kamar kullum. Inna kuwa tana tsaye da ƙafafunta, sai dai ta rame, kuma dalilin ramar ne ya sa na ɗauki biro.

Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Na rubuta ne maimakon in kira ki, don kin san in ana waya a gidanmu kowa kunne yake kasawa, ni kuma ko babu kowa bakina nauyi gare shi. Layin da Yaya Safiyanu yake kiranmu ta kansa ya mutu, mutuwar da babu tashi. Kullum ina ce wa Inna rezo, wato sabis ɗin waya, ne ke wahala, amma ba rezo ba ne.

Kin tuna kafin ya tafi Aljeriya ya sayo layin Najeriya a kasuwar tsallaken iyaka, saboda a ƙauyenmu in aka hau tudun bayan rijiya rezon can ya fi na nan ƙarfi. Ya sa shi a salular da ya bar wa Inna, ya buɗe watsaf da shi, ya koya mini inda ake dannawa. Tunda bai yi karatun boko a lakol ba, haddace lambar ya yi, yana rera ta kamar waƙa yana ɗaure kaya, har Inna ta ce ya rufe mana baki. Wannan lamba ita kaɗai ce a kansa, taki ma bai sani ba, tunda bayan tafiyarsa kika sake. A Tamanrasat ba ya riƙe salula tasa, ya ce in an kama mutum ita ake fara karɓewa. Sai ya ari ta wani abokin aiki ya aiko mana murya, yau daga wannan lamba, gobe daga waccan. Mu ba mu da hanyar nemansa, shi ke nemanmu.

Tun farkon damina abin ya fara. Inna ta yi masa saƙon murya ta lambar da ya aiko da ita ta ƙarshe, sai ɗan agogo ya tsaya a gefen saƙon, ya ƙi komawa alamar cewa ya tafi. Na kashe salular na kunna. Na cire layin na goge shi da bakin hijabina na mayar. Na sayi kati don in sa mega ta intanet, ya ƙi shiga, mai katin ya ce rezo ne, in yi haƙuri. Na lura ba watsaf kaɗai ba ce, duk abin da ke buƙatar intanet sai ya yi ta juyi ba ya buɗewa. Na daure na je wurin Mushe Aminu malamin lakol, ya duba ya ce kwanan wata da agogon salular ne suka kauce, ya gyara su. Ya nuna mini alamar jirgin sama, ya ce in danna ta in jira kaɗan in sake dannawa. Duk na yi. Na hau tudun rijiya da safe, na hau da la'asar, har na ɗaura salular a kan gora na ɗaga ta sama ta wajen kudu, mata masu ɗibar ruwa suna tambayata ko tsuntsu nake kamu. Agogon nan bai motsa ba.

Daga ƙarshe na kai ta rumfar Ɗanmalam mai cajin salula. Ya jujjuya ta ya ce watsaf ɗin ce ta tsufa ta cushe, maganinta a goge ta a sauko da sabuwa, haka yake yi wa kowa. Duk muryoyin Yaya Safiyanu kuwa a ciki suke. Na so in ce ya dakata, amma maza sun cika bencin suna shan shayi, sai na sunkuyar da kai. Ya goge ta, ya haɗa salularmu da intanet ɗin tasa, ya sauko da sabuwa. Da ya rubuta lambar, sai aka ce an aiko da wasu lambobin shaida zuwa layin, a shigar da su kafin ta buɗe. Muka jira har aka kira magariba, babu abin da ya shigo. Ya ce in dawo gobe. Na yi ta komawa har ya fara kau da kai in ya hango ni. Ba na ganin laifinsa, taimako ya yi niyya, sai dai garin neman gira aka rasa ido.

Ranar kasuwar Gazawa na bi Goggo Safina da sunan zan riƙe mata kaya, na zame na shiga shagon wani Bashir mai gyaran salula. Bai yi mini dariya ba. Ya sa layin a tasa salular ya gwada, sannan ya ce tun tuni aka rufe shi daga can Najeriya, saboda ba a haɗa shi da katin shaidar ɗan ƙasarsu ba, kuma an rufe irinsa da yawa. Ya ce tun farko ba abin da ya sami watsaf ɗin. Da layin nan gida aka saka mata, ko da Ɗanmalam ya fara haɗa ta da intanet ɗinsa kafin ya goge, da ta ci gaba da aiki da tsohuwar lambar, da duk saƙonnin da suka taru sun shigo. Yanzu kuwa ba ta buɗuwa sai da lambobin shaidar nan, su kuma mataccen layi ake aika wa. Na tambaye shi ko ana iya tayar da layin. Ya ce sai wanda aka rubuta da sunansa ya je da kansa da katinsa, kuma irin na kasuwa da sunan wani ake rubuta su, wanda ko mai sayarwar bai sani ba. Ya ƙara da cewa in aka daɗe, kamfanin zai ba wani mutum dabam lambar. Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya.

Ya saka mini layin nan gida. Yanzu salular tana aiki lafiya lau, komai yana buɗewa, har wa'azi da waƙoƙi. Watsaf ɗin ma ta buɗe da sabuwar lamba, fayau, babu kowa a ciki.

Inna ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Bayan la'asar takan miƙo mini salular ta ce in hau tudu in duba. Wani lokaci ta ce in kunna mata tsohon saƙon nan da yake cewa yana kewar dambun zogalenta, sai in ce shi ma sai da rezo. Tun da ta ji labarin waɗanda ake korowa daga Aljeriya a sauke su a hamada su tako da ƙafa zuwa Asamaka, abinci ya daina shiga mata. Ta fara toya ƙosai ran Juma'a tana rabawa sadaka. Jiya tana tsince wake ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in yana da rai da ya yi magana, don Safiyanu ba ya iya yin shiru ko a masallaci. Ni kuma na san mai yiwuwa yana can yana magana, yana aron salular mutane yana rera lambar nan, yana ganin saƙonsa bai isa ba, yana tunanin wani abu ya same mu.

Abin da nake roƙo, ki ce wa Yaya Shu'aibu in ya shiga tasha ya riƙa tambayar masu saukowa daga arewa da masu hawa. Safiyanu ɗan Gado, daga ƙasar Gazawa, mai tabo a girar hagu, yana aikin gini. Na rubuta sabuwar lambar a bayan takardar nan, a ba duk wanda ya yarda ya karɓa. Na san Tamanrasat ba ƙauyenmu ba ce, kuma masu tabo a gira suna da yawa. Ban sa rai sosai ba. In kin kira gida, don Allah kada ki nuna kin sani.

Baba yana gaishe ku, Inna ma, da Goggo Safina da Tala. Ki gaida Yaya Shu'aibu da mahaifiyarsa, ki shafa mini kan Haisam, ki gaida Ummuhani maƙwabciyarki da ta aiko mini ɗankwali.

Na daina hawa tudu don duba saƙo, amma ina hawa don wani abu. Kullum in Inna ta miƙo mini salular, nakan je can in kira tsohuwar lambar. Wata mata ce ke amsawa da Ingilishi, maganarta ɗaya ce kullum, sai ta katse. Na yanke cewa zan ci gaba da kira har ranar da za a ba wani lambar ya ɗauka. Ban taɓa yi wa baƙo magana a waya ba, shi ya sa nake maimaita abin da zan faɗa a hanya, a hankali, don kada bakina ya ƙi buɗewa: in gaishe shi, in ce kada ya kashe, in ce wani zai aiko masa murya daga Aljeriya yana kiran Inna, don Allah ya ba shi wannan lamba.

Taki ƙanwa,
Salima.