Yabon da Aka Karanta a Zauren Kwamiti

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da littattafanka. Inna na gaishe ka. An shafa wa layin shagunanmu jan fenti, wai kamfani zai rushe ya gina rukunin ofisoshi. Kwamiti zai saurare mu farkon wata. Bara ka wuni a shagona da rikoda kana yi wa teloli tambayoyi, har ka zauna a kan yadin amarya. To ka zo ka yi magana a madadinmu. Mai digiri suke saurara, kuma a zuri'armu kai kaɗai ne.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, labarin nan ya sosa mini rai. Sai dai a iliminmu, ɗan boko ya ari bakin talaka ya yi magana, wannan ma danniya ce a fakaice. Ku ya dace a ji. Amma na aika wa kwamitin maƙalata da aka buga. A ciki na nuna cewa sana'arku ba a bango take ba, a jikinku take. Cewa masu hali ne suka ƙirƙiro tunanin wuri na dindindin, ku kuwa duk inda kuka sauka kukan mai da shi gari. Ina alfahari da ku.

Ƙaninki

Auta,

Muna lafiya. Maƙalarka ta iso, lauyan kamfani ne ma ya karanta ta, a tsaye, har da jinjina kai. Ya ce tunda masani, kuma ɗan layin, ya shaida duk inda muka sauka gari ne, to filin da ke bayan tashar ƙarshe ya ishe mu. Babu wuta a can. Wace mata za ta hau mota biyu don a rage mata wuyan riga? Mai waldan layinmu ya waiwayo ya tambaye ni, "Ba ƙaninki ba ne?" Na rasa inda zan sa fuskata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ka zo ka ce musu ba haka kake nufi ba.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi sun juya maganar. Amma rubutu in ya bar hannun marubuci ba nasa ba ne kuma, kowane mai karatu da ma'anarsa. Abin da nake koya wa ɗalibai ke nan, ba zan tsaya gaban jama'a in ƙaryata shi ba. Ina rubuta martani mai zafi. Mujallar ta ce zai fito baɗi.

Ƙaninki

Auta,

An rushe. Kekunan ɗinkinmu suna ɗakin Inna, mun lulluɓe su da zanin gado. Kada ka zo yanzu, mutanen layi ba su huce ba. Inna ta tambaye ni me ka rubuta a kanmu. Na ce mata yabonmu ka yi, ta yi ta sa maka albarka.

Ka huta lafiya.

Yayarka