Bangon Ɗakin Inna

Litinin, 12 ga Mayu 2025
Yau masu kuran, wato ma'aikatan lantarki, sun kafa mana kwanter, mitar wuta, a zaure. Alhamdu lillahi. Ɗakin Inna zan fara ja wa wuta, zafin Tanut na bana ya hana tsohuwa sakat. Raliya ta bugo daga Damagaram, wai in dakata sai ta zo hutun Sallah ta yi aikin da hannunta. Ji min 'ya! Shekara biyu a makarantar koyon aikin lantarki, har ta fara ba ubanta umarni. Ni da na yi shekara ashirin da uku ina gyaran rediyo a bakin kasuwa.

Alhamis, 15 ga Mayu
Na sayo waya, ampul biyu, wato ƙwan lantarki, da fanka. Mai shago ya ce in haɗa da tiyon roba da ake zura waya a ciki, na ce ya bar abinsa. Bangon ƙasa ne, zan tsaga in binne in yaɓe, wa zai taɓa ta? Wayar ta gaza, sai na haɗa da guntayen da nake da su a shago. Ƙulli huɗu. Biyu na naɗe da sikoc, tef ɗin nan mai ɗanko, da ya ƙare na naɗe sauran da leda. Na yaɓe sumul, ko ni sai na duba da kyau nake gane wurin.

Asabar, 17 ga Mayu
Wuta ta kama, fanka na juyawa. Inna ta sa min albarka har sau uku.

Lahadi, 8 ga Yuni
Raliya ta zo Sallah, kuma raina ya ɓaci. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta shiga ɗakin kakarta tana shafa bango. Ta tambaya ina tiyo, na ce babu. Ta ce ba a binne waya tsirara a ginin ƙasa, doka ma ta hana, damina na zuwa bango zai sha ruwa. Sannan ta dube ni:
"Baba, akwai ƙulli a ciki?"
Na ce ko ɗaya babu, waya guda ce tun daga zaure. Ban san me ya sa na faɗi haka ba. To, na sani: Dado maƙwabcina na zaune a tsakar gida yana cin naman layya, kunnensa a tsaye. Na ƙara da cewa ƙwai ba ya fin kaza wayo. Ta sauke hannunta daga bangon. Uwarta Rahinatu kuwa ta yi min irin kallon nan nata da ya fi faɗa ciwo.

Talata, 10 ga Yuni
Raliya ta koma. Ta durƙusa ta yi min sallama yadda ta saba, amma ba ta ɗaga ido ba.

Talata, 1 ga Yuli
Ruwan farko, mai yawa. Kowa ya fita shuka. Na tafi gonarmu ta hanyar Ollelewa, na dawo da ciwon baya.

Laraba, 2 ga Yuli
Inna ta ce bango ya cije ta. Tun da likita ya hana ta taɓa ruwa saboda gyambon hannunta, taimama take yi, kuma da yake ba ta iya sunkuyawa, bangon gefen gadonta take bugawa da tafi. Ta ce da ta buga na azahar sai ta ji kamar allura a yatsu. Na ɗaga gado, na kakkaɓe tabarma ina neman kunama, ban ga komai ba. Rahinatu ta ce ko wutar ce? Na ce ta je ta duba tukunyarta. Inna ta sa aka yi hayaƙin habbatussauda, ita a ganinta mutanen ɓoye ne.
Na taɓa bangon da yamma, ban ji komai ba. Da takalmin roba a ƙafata dai. Wannan sai yanzu da nake rubutu na tuna.

Juma'a, 4 ga Yuli
An yi ruwa da hantsi. Ina shirin tafiya masallaci na ji ihun Rahinatu. Na tarar da Inna a ƙasa tsakanin gado da bango, bakinta na rawa, hannun dama ya ƙi miƙewa. Ƙafarta ba takalmi, daɓen kuwa da laima. Na dafa bangon don in ɗaga ta, wallahi sai da na ji har cikin haƙorana. Na ruga zaure na kashe kwanter.
Mun kai ta likita. Ƙugunta ya bugu amma bai karye ba, hannun ya saki zuwa la'asar. Likitan ya ce da zuciyarta ba ta da ƙarfi, da wani zance ake yi yanzu. Ya tambayi wanda ya ja wutar gidan. Na ce wani ne.
Na ji tsoro yau irin wanda ban taɓa ji ba. Uwata, tana shirin salla.

Asabar, 5 ga Yuli
Gida ba wuta. Inna na kwance a ɗakin Rahinatu ana yi mata fifita. Tambaya kawai take ko sallar jiya tana kanta. Na ɗauki waya sau biyu zan kira Damagaram, na ajiye. Ashe Rahinatu ta riga ni tun jiya.

Lahadi, 6 ga Yuli
Raliya ta iso da motar safe, da jakar kayan aiki da naɗin tiyo a kafaɗa. Ta daɗe wurin kakarta. Da ta fito ba ta yi min gori ba, da ma ta yi da na samu abin kamawa. Ta tsaga bangon gefen gado, ƙulli ya fito, ledar ta narke ta manne da ƙarfen wayar, ƙasar wurin baƙa ƙirin. Ta riƙe shi a tafin hannu, ta ce tunda wannan kaɗai ne, za ta gyara nan ta bar sauran layin zuwa rani, kada a farfasa bango cikin damina. Na ce to.
Na ce to!

Litinin, 7 ga Yuli
Bayan sallar asuba ban koma shimfiɗa ba. Da gari ya waye na ɗauki gawayi a murhu na bi bangon ina zana da'ira: ɗaya bayan ƙofar Inna, ɗaya saman randar ruwa, ɗaya a lungun zaure inda yara ke jingina. Ina zana ta ƙarshe Raliya ta fito da buta. Ta tsaya ta dubi da'irorin ɗaya bayan ɗaya.
"Saura nawa, Baba?"
"Su ke nan. Huɗu ne da na jiya."
Ta ajiye butar ta ɗauko guduma. Wunin yau ita ke faɗa ina yi: tsaga nan, riƙe can, kar ka taɓa wannan. Dado ya leƙo ya ga bango a farfashe ya tambaya wane ne ya yi wannan ɓarna tun farko. Na ce ni ne, ya matsa ya ba mu wuri.
Ba wai ta fi ni sanin rediyo ba ne. Gobe za ta nuna min yadda ake kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa, ta ce in zo da gawayi da gishiri. Na tambaye ta mudu nawa, na rubuta a bayan hannuna don kar in manta.